Maganin Cutar Kansa da Aka Ba Mai Korona a Jajaye

Har gobe ban manta da ranar da aka shigo mana da Baba Ɗanladi daga Jajaye ba. Lokacin cire gyaɗa ne, bayan an sassauta dokar kullen korona. Ni ne incajin ƙaramin asibitinmu na Zoza, wato jami'in lafiya da ke duba marasa lafiya a inda babu likita. Abin da ya fi ƙarfinmu, babban asibiti muke turawa.

Tsohon ya haura saba'in. Yana tari, numfashinsa sama-sama, ga amai. Duk wannan na saba gani a shekarun nan. Da na buɗe bakinsa ne na ga abin da ban saba gani ba, don dasashinsa na tsatsar jini, ga wasu ɗige-ɗige ja a ƙafafunsa.

Ɗansa Malam Sabi'u ne ya kawo shi, malamin kimiyya a sakandare, mutum mai natsuwa. Na ce, “Malam, me aka ba Baba a gida?”

Ya zaro wani kwali daga aljihu. Ya ce ragowar maganin gwaggonsa ce, wadda aka yi wa jinyar kansar ɓargo a ƙasar waje kafin ta rasu. Sai ya shiga yi mini bayani a tsanake. Ya ce kowace ƙwayar halittar jikinmu tana da cibiya, kamar ɗaki a tsakiyar gida, kuma akwai ƙofar da furotin ke fitowa ta cikinta. Ya karanta a waya cewa wasu sinadaran korona suna bin wannan ƙofa, maganin nan kuwa toshe ta yake yi, sai cutar ta kasa hayayyafa.

“Yallaɓai, tun makon jiya nake ba shi,” in ji shi. “Na ga kamar zazzaɓin ya sauka.”

Na karɓi kwalin na duba. Ban taɓa ganin maganin ba a rayuwata. Na kira Dakta Hadiza, likitar da muke tura wa marasa lafiya a Ƙaraye, na karanto mata sunan harafi-harafi.

“Kada a ƙara ba shi ko ɗaya,” ta ce. “Ka sa masa ruwa, a taho da shi yanzu. Ba ni ɗan nasa.”

Na buɗe muryar wayar. Ta ce masa abin da ya karanta ba ƙarya ba ne, amma rabin zance ne. A ɗakin gwaji, wasu masu bincike sun ga cutar ta ragu da aka toshe ƙofar, wasu kuma sun ga ta ƙara yawa. Ta ce korona ba a cikin cibiya take hayayyafa ba, kuma jiki ma da wannan ƙofar yake amfani, shi ya sa maganin ke karya ƙwayoyin da ke tsayar da jini.

Malam Sabi'u ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. A hankali ya ce, “Ke nan da hannuna nake kashe shi?”

“Ba ka kashe shi ba,” in ji ta. “Ku dai taho.”

Gwaji ya nuna koronar ce. An ƙara wa Baba jini, ya daɗe a kwance, amma ya tashi, har ya ga an sussuke gyaɗarsa.

Ku da kuke fara aikin nan, kada ku ɗauka marasa karatu ne kaɗai ke ba da maganin da bai dace ba. Wanda ya yi wannan mai ilimi ne, kuma son mahaifinsa ne ya kai shi. Idan kun tambayi abin da aka sha a gida, ku tambaya ba da faɗa ba, sannan ku ce a nuna muku kwalin. Da na daka wa Malam Sabi'u tsawa a ranar, da kwalin nan bai fito daga aljihunsa ba.