Rabin Kitso

Ina tsakiyar yi wa yarinyar kitso a gidanmu na Wurno, wayar maigidana ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce mini biza ta fito, masu ɗaukarta har sun wuce Marnona, sun kusa isowa.

Ɗiyar ƙanwata ce. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta a Rabah, ubanta bai daɗe ba ya bi ta, ni na goya ta shekara huɗu. Baffanta yana zaune Ingila, shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Dangin uba suka ba su riƙonta, kotu ta sa hannu. Ni ba a tambaye ni ba.

Da gangan na rage sauri. A wajenmu ba a fita da ɗiya mace da rabin kitso, na ɗauka dole su kwana.

Suka iso. Matar baffan tana da kirki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙa hannu, yarinyar ta sauka daga cinyata ta tafi gare ta, ko waiwaye babu.

"Yaya, mi ya rage?" in ji matar.

Na ce gefen hagu. Ta ce jirgi ba ya jira, za ta ƙarasa a can. Na so in ce ba ta san kan ba, in an ja gashin ƙeya kuka take yi. Sai na ɗaura wa yarinyar ɗankwalin uwarta.

Layi uku suka rage, ban yi su ba.