Ƙauyen da Babu Marar Lafiya

Na manta abubuwa da yawa na aikin likita, ban da ranar da na kusa hana wani ƙauye hatsin taimako da hannuna. A shekarun fari ne. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a Takieta, lakkal ban wuce aji huɗu ba, amma ina iya cika takarda. Majo Bulus, babban anfarmenmu, wato shugaban masu jinya, ya ba ni takardun tambayoyi, ya ce in je ƙauyen in bi gida-gida. Kowace tambaya amsa biyar gare ta, daga "ƙalau" har "ba lafiya sam". Ƙauyen da ya fi jin jiki, shi kamiyo, babbar motar kaya, zai fara kai wa hatsi.

Na fara da wani dattijo, Baba Ɗanjimma, ƙafafunsa a kumbure suntum.

"Baba, yaya jikinka a watan nan?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Sau nawa kake cin abinci a rana?"

"Yadda Allah ya hore."

"Baba, babu wannan a takarda."

"To ɗana, ka ƙara mata."

Haka kowane gida. Wata tsohuwa tana tari har da dafa bango, ta ce da sauƙi. Abin da aka faɗa mini na rubuta, na koma.

Majo ya duba, ya cire tabarau. "Isufu, mutanen nan sun fi ni lafiya. Jibi takardun za su tafi Damagaram. In suka tafi haka, ko tsayawa kamiyo ba zai yi can ba."

Washegari na koma a keke. Na zauna gaban Baba Ɗanjimma, na rasa ta inda zan ɓullo masa. Don dai kada a yi shiru, na ce, "Maƙwabcinka Malam Habu fa?"

"Habu? Ai Habu ya ƙare! Kwana uku ba a hura wuta gidansa ba, 'ya'yan anza na daji suke jiƙawa su ci. Ga zawo. Rubuta, rubuta!"

Na shiga wurin Malam Habu. Ya ce shi lafiya lau, amma Ɗanjimma sai addu'a, ko masallaci ba ya iya zuwa. Haka na cika takardar kowa daga bakin maƙwabcinsa. Kafin sati kamiyo ya sauke musu hatsi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, mutanenmu ba ƙarya suke muku ba. Mutum ba zai kai ƙarar Ubangijinsa wurin baƙo mai alƙalami ba, ko zai mutu. In kuna son jin ciwonsa, ku gaishe shi da kyau, ku leƙa bayan danga.