Malam Garba Sabulu da Shekarar Afolo

Duk wanda ya yi aiki da Malam Garba ya san ba a miƙa masa hannu don gaisuwa, sai don ya shinshina. Kana shigowa ɗakin ido da safe, kafin ka ce ina kwana zai ce, "Kawo." Ya sunkuya ya ja numfashi. In ya ji ƙanshin sabulu, ya amsa gaisuwa. In bai ji ba, sai ya ce, "Ƙosai ne wannan, har da yaji. Fita ka sake shigowa." Shi ya sa muka sa masa Malam Sabulu. Ya san sunan sarai, bai dai taɓa nunawa ba.

Tun ranar Talata da muka kai shi makwancinsa nake son rubuta wani abu. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, sai ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Daga Maruta na zo Birnin Kudu don in koyi aikin ido a hannunsa, ni da wani abokina Bitrus. Damina ɗaya mahaifina ya ba ni. Ya ce in ban dawo da takarda ba, garmata na nan jingine tana jirana. Wata biyu da farawa sai ga ciwon idon nan da ake kira Afolo. Ya ci gari, ya ci ƙauye. Ido ya yi jawur, ya kumbura kamar an watsa masa barkono. Ma'aikata biyu suka kamu. Babban likita ya ce a rufe ɗakin ido, mu ɗalibai mu koma gida sai baɗi. Ni kuwa na san ba ni da baɗi.

Malam ya gyara hula ya nufi ofis, muna biye.

"Likita, lokacin da kowa ke ciwon ido za a rufe ɗakin ido? To yaushe za a buɗe? Ranar da kowa ya warke?"

Suka yi ta ja, har likita ya gaji. Ya ce, "Shi ke nan. Amma ɗalibi ɗaya ya kamu, na rufe."

Ranar muka fito da bencina ƙarƙashin maɗaci, don iska. Malam ya sa zare ya yanka sandar sabulu gida takwas, ya huda biyu, ya rataya mana a wuya kamar laya. Bitrus ya ce shi ba ya sa laya. Malam ya ce, "Wannan ko fastonku ya gani, tasa zai nema."

Wata rana wani Alhaji ɗan kwangila ya iso cikin sabuwar mota, da baƙin tabarau, ya tsallake layi ya miƙo hannu. Malam ya mayar da nasa baya.

"Haba Malam, girman kai?"

"A'a, Alhaji. Hannun ne ba lafiya."

"Naka?"

"Naka."

Da aka cire tabarau, ya tambaye shi abin da ya ɗiga. Alhaji ya ce ruwan sukari, wai an ce yana sanyaya ido. Malam ya ce, "Madalla! Saura madara da ganye, sai mu kawo burodi. Koma bayan layi."

Duk wannan hidima ba ta sa ya ɗaga mana darasi ko na yini ɗaya ba. Abin da za a jarraba mu a kai shi ne ɗinkin fatar ido, na masu gashin ido da ya juya ciki yana sukar ƙwayar. Ba a fara koyonsa a kan mutum. Sai Malam ya riƙa aron kawunan awaki wurin wani mahauci, Ɗanladi, mu yi ɗinki bayan azahar, a mayar masa kafin la'asar. Rannan Ɗanladi ya biyo mu har asibiti da kai a hannu.

"Malam, don Allah wa zai sayi kai da ɗinki a ido?"

"Ka faɗa musu wannan akuyar ta ga likita. Su da yawa ba su taɓa gani ba!"

Sai ga wata tsohuwa daga Surko, an ɗauko ta a jaki, idanu a rufe ruf. Kwana uku Malam na wanke mata da kansa. Ranar da ta buɗe ta gan shi, ta yi doguwar addu'a, ta tofa a tafin hannunta, ta miƙo don ta shafa masa a fuska. Na ce a raina yau akwai kallo. Wallahi mutumin nan da ya hana Alhaji hannu, sai ya sunkuyar da kai, ta shafe shi tun daga goshi har haɓa. Bayan ta tafi na ce, "Malam, ya haka?" Ya ce, "Da in ture hannun tsohuwa mai addu'a, gara idon ya yi ja."

Ya kuwa yi ja. Kwana biyu sai ga shi da baƙin tabarau, ya kafa kujera can nesa da mu, yana nuni da dogon karan dawa. Likita ya zo ya tsaya a kansa. Ni kuwa na hango komawa Maruta ƙiri-ƙiri.

"Malam Garba, cire tabarau."

"Ba sai na cire ba, Likita, Afolo ne. Amma maganarmu a kan ɗalibai ce. Ni na gama karatu tun zamanin Turawa."

Likita ya duba idona, ya duba na Bitrus, fari tas. Ya girgiza kai ya wuce, kafaɗarsa na rawa don dariya.

Ba a rufe ɗakin ba. Da kaka aka jarraba mu, na yi ɗinkina na farko a kan mutum, Malam na tsaye bayana. Da na gama ya leƙa ya ce, "Ya fi na akuyar." Iyakar yabon da na taɓa samu a wurinsa ke nan, kuma da shi na yi aiki har na yi ritaya.

Allah ya jiƙan Malam Garba. Yadda ya tsaya ga idanun bayinka, ya Allah, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, mu ma ka ba mu. Amin.