Hassumi da Tuffar Hajja Eman

Hassumi mutumin Tasawa ne, ɗan manomin gero da dawa. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira, amma da tallafin da ake ba shi ya yanke, sai ya karɓi aikin gadi a wani gidan bene da ke Abbasiya. Aka ba shi ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda ya zauna da matarsa Asama'u da 'ya'yansu. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ba a raba aljihunsa da wuƙar aiki.

A gaskiya ba gadi ne ya riƙe shi a gidan ba, domin ƙofar tana da makullinta na zamani. Ɗan lambun da ke bayan gida ne, musamman wata tsohuwar bishiyar tuffa mai ƙananan 'ya'ya masu tsami, wadda mahaifin mai gidan, Hajja Eman, ya dasa. Da bishiyar ta daina haihuwa, Hassumi ya shawo kan Hajja ta bar shi ya yi mata aure, wato ya yanke ta kusa da ƙasa, ya tsaga kututturen, ya cusa reshen wata tuffar mai ƙarfi. Ta yarda, amma da kyar.

Shekarar farko auren ya kama, reshen ya miƙe har ya kai ƙirjin mutum. A ta biyu kuwa ganyen ya fara yin rawaya, yana nannaɗewa, yana zuba tun kafin lokacinsa. Da sanyi ya fara ja baya, itatuwan maƙwabta suka toho, ita ko alama.

Muhannad, ɗan Hajja, ya daɗe yana so ya mayar da lambun wurin ajiye mota. Wata Juma'a ya tsaya ya dubi bishiyar, ya kira Hassumi baffa da Larabci, ya ce, "Ammu Hassumi, wannan ta zama itacen girki. Bayan bikin Shammun Nasim zan kawo masu siminti, khalas, shi ke nan."

"Ya basha, ranka ya daɗe, tana da sauran rai," in ji Hassumi.

"To, ta nuna mana. Idan babu lambu, ka san babu aikin da ya rage a gidan nan."

Hassumi ya san ma'anar maganar: idan aiki ya tafi, ɗaki ma ya tafi. Ya bincika bayan ganyen da suka rage, bai ga ƙwaro ba. Ya rage ban ruwa, ya ƙara, ya sayo taki, duk a banza. Bikin, wanda Misirawa ke yi idan itatuwa sun yi fure, sai matsowa yake yi. A ƙarshe ya shiga mota zuwa Hayyin Ashir, ya ɗauko Bakri, wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da dashe.

Bakri ya kewaya bishiyar a hankali, ya karya ɗan reshe ya sansana, sa'an nan ya tsaya.

"Ɗana, ina wurin auren?"

Hassumi ya nuna wani tudun ƙasa da ya tula a gindin. Ya ce bara, da iskar khamasin ta taso da ƙurarta, ya ga reshen yana rangaji, sai ya yi masa huɗa don kada ya faɗi.

"Huɗa," in ji Bakri. "Ku mutanen Tasawa, ko sandar tuta kuka gani sai kun ɗauka dawa ce. Ita dawa tana fitar da saiwa ta kama ƙasar. Wannan kuwa rauni ka binne mata, kana kuma zuba masa ruwa. Yalla, tona, amma da hannu."

Hassumi ya durƙusa yana yaye ƙasar. Wani wari ya taso. Ɓawon da ke kewaye da mahaɗar ya yi baƙi, ya yi laushi, yana saɓulewa a yatsa. Bakri ya karɓi wuƙa yana kankarewa kaɗan-kaɗan, ya ce idan ruɓewar ta zagaye itacen baki ɗaya, to, sai haƙuri. Wuƙar ta bi gefe guda, baƙi. Ta juya ta baya, baƙi. Sai a ɓangaren da ke fuskantar katanga ta buɗe wani tsiri kore shar, wanda faɗinsa bai wuce yatsu uku ba.

"Ta nan take numfashi," in ji Bakri.

Suka kankare ruɓaɓɓen wurin har suka tarar da itace mai kyau, suka shafa maganin ruɓa, suka bar shi ya sha iska. Suka rage rassan sama, suka kafa sanda suka ɗaure ta, suka haƙa ramin ban ruwa nesa da gindin.

Washegarin bikin Muhannad ya iso da mai siminti. Hajja Eman ta sauko tana dogara sanda, ta sunkuya a gaban bishiyar ta daɗe. A sama da mahaɗar, ta ɓangaren katanga, wasu 'yan tofo jajaye sun fasa ɓawo.

"Mama, wannan ba bishiya ba ce, sanda ce mai ƙuraje," in ji Muhannad.

"Ma'alish, yi haƙuri, sallami mutumin nan." Sai ta juya ga Hassumi. "Na ba ka zuwa baɗi. Amma ko ganye ɗaya kada ka sake taɓawa sai tsohon nan na Sudan yana tsaye a kanka."

"Na ji, Hajja," in ji Hassumi.