Shekarar da Kaza Ta Faɗa Yamma

Na ga tarin taurarin nan daga ƙasashe da dama. A Jidda Surayya suke ce mata, Fulaninmu na Yola su ce Daccuki, Hausawan Jimeta kuma Kaza da 'ya'yanta. Amma ban taɓa kallonta da fargaba irin ta shekara ta biyu ta yaƙin basasa ba.

Yayanmu Hamma ya shiga soja, labarinsa ya yanke. Shi ne ɗan fari, don haka kunya ta hana mahaifiyarmu Dada kiran sunansa, balle ta tambayi inda yake. Da zai tafi ya ce mata duk inda yake zai riƙa duban Kaza bayan magariba. Kullum in mun kewaye wutar kakarmu Maama a gidanmu na unguwar Makama, sai Dada ta ce mini, "Duba, tana nan?"

Da bazara ta yi nisa, Kaza ta fara gangarowa yamma. Kowace magariba tana ƙara yin ƙasa. Ran nan na hau katanga na duba, babu ita. Dada ta ture ƙwaryar tuwonta. Washegari ma ba ta ci ba, jibi ma haka.

Maama ta zunguri wuta da kara.

"Ga wata tatsuniya tana tafe. Ke ma mai kumburin fuska, matso," ta ce da Dada.

Ta ba mu labarin wata kaza da shaho ya dama. Ta rasa maɓoya, sai ta kwashi 'ya'yanta ta shige bayan Rana, inda hasken ke kashe idon duk mai leƙe. Mutanen gari suka ce an cinye su, har suka rushe akurkin. Tsohuwa ɗaya ce ta ci gaba da zuba tsaba.

"Suka dawo?" na tambaya.

"Kai, bakinka kamar kwalekwalen Binuwai, ba ya tsayawa! Suka dawo, amma ta ƙofar gabas, da asuba, bayan ruwa ya sauka. Wadda ta bar cin abinci kuwa, da wace ƙafa za ta fita tarbarsu?"

Ba ta dubi Dada ba. Can sai na ji ƙarar murfin ƙwaryar Dada.

Da damina ta kama, Dada ta tashe ni kafin kiran salla. Ga Kaza can gabas, ƙasa-ƙasa.

Daga baya na karanta cewa taurarin nan ranaku ne kamar tamu, haskensu kan yi ɗaruruwan shekaru kafin ya iso mu, kuma su ɗigo ne a cikin wani gungun taurari da ke da 'yan'uwa ba adadi. Zagayen da duniya ke yi wa Rana ne ke sa haskenta ya rufe su duk shekara. Ba ruwansu da soja.

Maama ma ta san ba ruwansu. Ba ta taɓa cewa Hamma zai dawo ba, kuma bai dawo ba. 'Yarta take ceto. Lokacin da labarin mutuwarsa ya iso, Dada na da ƙarfin da za ta zauna a tabarma ta karɓi gaisuwa. A ranar na fara jin sunansa a bakinta.