Ranar Haihuwar Ɗan Farin Hajja

A duk takardun Jumare, daga ta firamare har fasfo, an rubuta cewa ran ɗaya ga Janairu aka haife shi. Shi kansa ya san ba haka ba ne. Wani hedimasta ne a Keffi ya sa shi ya zagaya hannu ta saman kai ya taɓo kunne, da ya taɓo sai ya ce shekararsa bakwai, ya ɗauki biro ya yanka masa rana. Rabin ajin ma ranar aka ba su, sai ka ce matan garin baki suka haɗa suka haihu da safe ɗaya.

A ruga aka haife shi, can wajen Agwada, kuma shi ne ɗan farin Hajja. Wanda ya zauna da Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Hajja ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in ya shigo bukka sai ta sami abin yi a waje. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Da kakar ta rasu, babansa ya kai shi unguwar Liman Abaji a Keffi ya damƙa wa wani amininsa mai shagon hatsi, ya ce a sa shi boko. Tun daga nan in Hajja za ta yi zancensa sai ta ce "mutumin Liman Abaji", kamar wani da ta taɓa sayar wa nono sau ɗaya.

A idonsa Keffi ta kumbura. Yana firamare aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, kafin ya gama sakandare ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu sun gangaro ta Mararaba da Masaka suna neman fuloti, makiyaya kuwa sai ƙara matsawa daji suke. Jumare bai tsaya kukan wannan ba. Ya karanci lafiyar dabbobi, ya kama aiki a gonar wani babban ma'aikaci a hanyar Abuja, inda ya ƙware da injin tatsa har ya fi wanda ya koya masa. Wannan injin ne ya kai shi ƙasar Ireland, wata gona mai shanu ɗari biyu. 'Yan'uwa suka yi ta yi masa tsiya, wai ɗan Fulani ya tsallake teku don ya je ya sake tarar da saniya.

Zaman ya karɓe shi. Yana tatsa safe da yamma, yana da ɗakinsa mai ɗumi, matarsa da 'ya'yansa biyu suna Keffi ana haɗa musu takardu. Shanun gonar lamba ce kawai a kunnuwansu, shi ya bi su ya raɗa musu sunaye, mai gonar ya yi ta mamakin yadda suke amsa Fulatanci. Ga kuma abokai. Akwai Julius, mutumin Eggon, wanda dā yake jan tasi daga Keffi zuwa Abuja, yanzu kuma yake tuƙa bas a garin da ke kusa da gonar. Akwai matarsa Catherine, 'yar Mada, mai aiki a gidan kula da tsofaffi. A gida da gaisuwa ce kawai za ta haɗa su, a can kuwa sun zama dangi.

Catherine mace ce da ba ta barin ranar haihuwar kowa ta wuce shiru. A bikin nata ne abin ya taso. Ana cikin cin shinkafa mahaifiyarta ta kira daga Akwanga, ta rera mata waƙa, ta kira sunanta ya fi sau goma, ta sake ba ta labarin yadda naƙuda ta kama ta a gonar doya. Jumare ya yi dariya tare da kowa, amma kishi ne ya kama shi, kishi na gaske, shi da ya kusa arba'in. Ya san kunyar ɗan fari al'ada ce, ya sha faɗa wa kansa haka. Sai dai al'ada ba ta hana mutum son ya ji ko uwarsa tana riƙe da shi a rai. Hajja ta tsufa, tun rasuwar babansa take zaune wajen ƙanwarsa Mu'mina a Angwan Iya tana sayar da fura da nono kusa da tasha, kuma duk ranar da ya kira, tana jin muryarsa take miƙa wa Mu'mina wayar.

Da Catherine ta zo rubuta ranarsa a kalandar kicin, ta ji ɗaya ga Janairu, sai ta ajiye biro. Ta ce wannan ranar gwamnati ce, mutum uku a ƙungiyarsu ta 'yan Nasarawa ita suke amfani da ita, ya kira mamansa ya tambaye ta. Julius ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Ke ba ki san mutanen nan ba," in ji shi. "Jumare ya tambayi Hajja ranar da ta haife shi? Ai gara ki ce ya je ya tatsi bijimi."

Duk da haka Jumare ya gwada, ta bayan gida. Ya roƙi Mu'mina ta tambaya kamar don kanta, ita kuwa ta faɗa wa Hajja cewa wata mata ce a can take son sani. Amsar da ta dawo ba ta da daɗi: Hajja ta ce wane irin rashin ta ido ne wannan, ta tashi ta bar wurin. Ya ce wa Catherine a bar maganar, ya nuna kamar bai damu ba, amma ya yi kwanaki abin yana cinsa.

Wata huɗu suka wuce. Ɗaya ga Janairu ta zo ta wuce, Catherine ta ƙi gasa ko biskit. Sai wata Talata a ƙarshen watan, ya gama tatsar safe yana wanke injin, saƙon Mu'mina ya shigo. Ta ce Hajja tana ɗora ƙwarya a kai, ba tare da ta dube ta ba, ta ce: "Ki gaya wa matar can mai tambaya, in abin da take nema ke nan, yau ne." Sha bakwai ga watan Azumin Tsofaffi.

Jumare ya saurari saƙon sau uku sannan ya tura wa Catherine. Kafin azahar ta musanya aiki da wata, ta gasa kek, ta rubuta arba'in a kai da sukari. Julius ya zo da rigar aikinsa, ya kwaso mutum biyar na ƙungiya, har da masu ɗaya ga Janairun, suna ta ƙorafin su ma a binciko musu tasu. Jumare ya dama fura da garin geron da yake ta tattali, da kindirmon kanti, wanda ya ce ko kusa bai kamo na gida ba, amma ba a bar ko cokali ɗaya ba. Da aka yi wa Catherine bayanin cewa ranar ta watan Musulunci ce, baɗi za ta matso da kwana goma sha ɗaya, sai ta dafa kai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ranar haihuwa mai yawo irin ta masu ita ba. Aka yi masa waƙa, ya rasa inda zai sa idonsa. Daɗi ya ji sosai.

Kafin a yanka kek Catherine ta dage sai an kira ta yi wa Hajja godiya. Jumare ya so hanawa, ta riga ta danna kiran bidiyo. Mu'mina ta ɗauka a bakin tasha, ana jin kwandastoci suna kiran Abuja. Ta juya wayar. Ga Hajja a zaune bisa kujerarta 'yar tsugune, mutane sun yi layi da kofuna, 'yan dako da direbobi da mata masu goyo, tana zuba musu da ludayi. Duk wanda ya miƙo kuɗi sai ta ture hannunsa.

"Yaya, ni ma sai yau na gane," in ji Mu'mina, ta rage murya. "Tun ina ƙarama akwai rana ɗaya a wannan wata da Hajja ba ta sayar da nono, sadaka take yi da shi duka. Ko a ruga haka take yi. Ban taɓa sanin dalili ba."

Catherine ta matso da kek ɗin gaban wayar, ta gaishe da Hajja da Hausarta ta Akwanga, ta ce Mama ga ɗanki ya cika arba'in. Hajja ba ta ɗago ba. Ta cika kofin da ke gabanta, ta goge bakin ƙwarya da yatsa, sannan ta yi magana, da Mu'mina take, ba da waya ba.

"Ki ce mata ta gyara. Wannan ce ƙwarya ta arba'in da ɗaya. Ban taɓa fashi ba."

Jumare ya karɓi wayar daga hannun Catherine. Julius ne ya zare wuƙar daga hannunsa ya yanka kek ɗin, shi kuwa ya zauna riƙe da wayar da hannu biyu, yana kallon uwarsa tana zuba wa na gaba.