Goggo Astajam Ba Ta Cewa Sannu

Kafin rana ta taɓa rufin kwanon unguwar Lofere, Goggo Astajam ta naɗe tabarmarta, ta share ƙofar gida da hannun hagu, hannun nan da aka ce ta haƙura da shi. Sai ta ɗora tukunyar kunun gyaɗar da take sayarwa, ta ɗaura zanen da wata mace sai ranar biki take fito da irinsa, ta ɗauki sandarta. Ba dogarawa take yi da ita ba. Ƙofofin mutane take bugawa.

Shekara goma sha bakwai ke nan da ta faɗi a gefen murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Wata uku tana kwance, garin Garwa kaf na zuwa ana ce mata sannu. "Sannun nan ce ta kusa kai ni kabari," in ji ta. Ran nan ta kori 'yan dubiya, ta ce ita za ta naɗe tabarmarta. Ta fara da asuba, ta gama da hantsi. Washegari ta sake. Da ta miƙe, sai ta shiga bin gidajen da wannan ciwo ya kwantar da wani, ba wanda ya aike ta.

Ni shaida ce, don gidana ta shigo. Mijina Hamajoda kafinta ne, ciwon ya kama shi shekara uku da suka wuce. Ya juya fuska ga bango, ya daina ko amsa sallama. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke kuka a madafi. Wata safiya sai ga ƙarar sanda a ƙofa.

"Hamajoda, an ce ka mutu, na zo gaisuwa. Ina gawar?"

"Goggo, ki rabu da ni. Tawa ta ƙare."

"To wanda tasa ta ƙare, matsa ka naɗe tabarmar nan."

Na zabura zan naɗe, ta tare ni da sanda. "Ke Dudu, koma. Hidimarki ta fi ciwon cutar da shi."

Na ji haushinta har wuya. Shi ma zage-zage ya yi ta yi, amma ya naɗe, a karkace. Ta zube masa gyaɗa cikin kwano, ta ce ya ɓare da hannun da ya mutu. Guda huɗu ya iya. "Gobe biyar," ta ce, ta fita.

Dokokinta ba su da yawa. Ka tashi lokacin da ka tashi jiya. Ka yi wanka ka sa tufa mai kyau, ko da zaure ne iyakarka. Ka sha maganin da likita ya rubuta. Ka ƙara taku ɗaya a kan na jiya. Ranar da zuciya ta ƙi, ka yi rabi, amma kar rana ta faɗi ba ka yi komai ba. Kuma kar ka yi tafiyar kai kaɗai, don mutum ya fi jin kunyar abokin da ke jiransa a ƙofa fiye da kunyar kansa.

Wan mijina, Bobbo, ya zo ya ce a hana tsohuwar nan azabtar da marar lafiya. A tsakar gida suka haɗu. Ta dube shi sama da ƙasa. "Za ka goya shi har ƙarshen ransa? In za ka iya, ga zane. In ba za ka iya ba, ba mu hanya." Bobbo ya ba su hanya. Ranar Hamajoda ya kai bakin zaure. Bayan wata bakwai ya kai gadar kogin Binuwai, cikin ayarin Goggo, mutum tara masu jan ƙafa, 'yan acaba na yi musu ba'a suna ramawa. Yau yana ƙera kujeru. Ba su kai na da kyau ba, amma ana zama a kansu.

Goggo, ke ce mai taurin kan da ya yi mana rana. Ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Wasu sun rasu, kin yi zaman makokinsu, gari ya waye kin buga ƙofa ta gaba. Mun gode, Allah ya saka miki da abin da ba mu da shi. Ku kuma da ke karantawa, a kowace unguwa akwai wanda ya fid da rai da kansa. Ku je, ba da tausayi kaɗai ba, ku kai masa ɗan aikin da zai iya yau.

Ranar Asabar 'yar Goggo ta zo ta tafi da ita garin Pitowa, don idanun tsohuwar sun yi rauni. A tasha muka tsaya muna share hawaye. Mota ta tashi, sai Goggo ta leƙo ta taga.

"Kukan me kuke yi? Madam Rebeka ta bayan coci, jiya aka sallamo ta daga asibiti. Wa zai je Litinin?"

Aka shiga kallon juna.

Na ce, "Ni."